Yadda Ma'aikacin Sadarwa a Saudiyya Zai Sami Shaidar Ƙwarewa Mai Amfani

Akwai Hausawa da yawa a Makka da Madina da Jidda da Riyad waɗanda aikinsu na kullum shi ne magana da yawun kamfani, ko da kuwa ba haka aka rubuta a takardar ɗaukarsu aiki ba. Wani yana kamfanin hidimar alhazai, shi ne ke rubuta sanarwar da za a tura wa mahajjatan Najeriya da Nijar idan an sauya lokacin tashin motoci zuwa Mina. Wata tana asibiti mai zaman kansa, ita ce ke amsa koke-koken jama'a a shafukan sada zumunta da Larabci da Turanci. Wani kuma yana otal a kusa da Harami, duk wasiƙar da za ta fita zuwa wakilan kamfanonin Umra sai ta biyo ta hannunsa. Mutum zai shekara goma yana wannan aiki, ya san shi ciki da waje, amma ranar da aka buɗe gurbin shugaban sashe sai a ɗauko wani daga waje saboda yana da haruffa uku a bayan sunansa, waɗanda ke nuna cewa wata hukuma mai zaman kanta ta jarraba shi ta kuma tsaya masa.

Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ƙwarewar tana wurinmu, shaidarta ce babu. Likita a ƙasar nan ba ya taɓa maras lafiya sai da rajistar hukumar ƙwararrun lafiya, injiniya kuma sai da rajistar majalisar injiniyoyi, shi ma akanta yana da tasa hukumar. Aikin sadarwa na kamfani kuwa ƙofarsa a buɗe take, kowa yana iya kiran kansa ƙwararre, saboda haka mai ɗaukar ma'aikata ba shi da hanyar bambance gwani da mai baki kawai sai ta irin wannan shaida. Gasar kuma ƙaruwa take yi. Tun da aka ƙaddamar da Burin 2030, wato shirin gwamnatin Saudiyya na sauya fasalin tattalin arzikinta, a shekarar 2016 kamfanoni suka yawaita, daga farkon 2024 gwamnati ta sharɗanta wa manyan kamfanonin waje su kafa hedikwatarsu ta yanki a cikin ƙasar idan suna son kwangilarta, ga baje kolin duniya na Riyad a 2030, ga gasar cin kofin duniya a 2034. Waɗanda ke zuwa da waɗannan kamfanoni sun saba da tambayar wace ƙungiya ce ta tantance ka.

Fara da sanin abin da kake saya

Matakin farko shi ne mutum ya bambance takardar halarta da shaidar ƙwarewa, domin a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Ni kaina na taɓa biyan kuɗi masu yawa na zauna kwana uku a zauren wani otal, aka ba mu takarda mai hatimin zinariya da sunaye na ƙasashen waje, sai da na kai ta gaban ma'aikatar da nake nema aka nuna mini cewa abin da ke rubuce a kanta kawai shi ne na halarta. Babu jarrabawa, babu wanda ya duba aikina, babu kuma rajistar da za a bincika a ga sunana. Irin wannan takarda tana da ɗan amfani wajen ƙidayar sa'o'in horo, amma iyakarta ke nan.

Shaidar ƙwarewa ta gaskiya tana da alamun da ba sa ɓoyuwa. Ana gindaya sharaɗin shekarun aiki kafin a karɓe ka, ana yi maka jarrabawar da za ka iya faɗi, kana sa hannu a kan ƙa'idojin ɗa'a waɗanda za a iya ƙwace shaidar idan ka karya su, sannan tana da wa'adi, sai ka ci gaba da karatu za a sabunta maka. Idan wata cibiya ta ce za ta ba ka shaida a mako guda ba tare da ɗaya daga cikin waɗannan ba, ka riƙe kuɗinka. Idan kuma cibiyar horo ce ta cikin gida, ka nemi lambar lasisinta daga hukumar koyar da fasaha da sana'o'i, wadda ita ce ke ba cibiyoyin horo masu zaman kansu izini, ko daga cibiyar ƙasa ta karatu ta intanet idan darasin ta kwamfuta ake yin sa.

Sannan ka duba matsayinka a ƙasa

Hausawan Saudiyya kashi biyu ne a wannan batu, kuma shawarar ba ɗaya ba ce. Wanda yake ɗan ƙasa, irin zuriyar da kakanninsu suka zo aikin Hajji suka zauna, waɗanda ake gane da yawansu da sunan Hausawi, yana da damar da ya kamata ya fara bincika: asusun bunƙasa ma'aikata da ake kira Hadaf yana da shirin mayar wa 'yan ƙasa kuɗin da suka kashe wajen samun shaidar ƙwarewa, muddin tana cikin jerin waɗanda asusun ya amince da su. Don haka sai ka duba jerin tukuna kafin ka biya ko riyal ɗaya, domin jerin ne ke yanke hukunci.

Mai iƙama kuwa, wato baƙon da ke zaune da takardar izinin zama, dole a faɗa masa gaskiya. Shaidar ƙwarewa ba ta sauya sana'ar da aka rubuta a iƙamarsa, ba ta kuma buɗe masa gurbin da tsarin Niɗaƙat (mai ƙayyade wa kamfanoni yawan 'yan ƙasar da za su ɗauka) ko wata doka ta ware wa 'yan ƙasa, kuma ayyukan talla da kasuwanci suna cikin waɗanda aka ware wa 'yan ƙasa wani kaso nasu. Abin da take yi masa shi ne ta ƙarfafa hujjar kamfani na riƙe shi, ta ba shi bakin magana ranar sabunta kwantiragi, kuma ta zama dukiyar da zai tafi da ita duk inda ya koma, ko Dubai ko Abuja ko Yamai. Kada kuma a rikita ta da shirin tantance sana'a na ma'aikatar ƙwadago, wanda ke duba takardun karatu da gwanintar baƙin ma'aikata. Wannan sharaɗin gwamnati ne na shiga aiki, ita kuwa shaidar da muke magana a kanta mutum ne ke nemanta da kansa don ya ci gaba.

Zaɓen ƙungiya

Hanyoyi uku ne suka fi suna a duniya, kuma wanda ya san inda ya dosa ba zai sha wahalar zaɓe ba.

Ta farko ita ce ta ƙungiyar IABC, wato ƙungiyar masu sadarwar kasuwanci ta duniya, wadda aka kafa a 1970. A da tana ba da shaidar da ake kira ABC, kuma har yanzu za ka ga manya a wannan fage suna ɗauke da ita, amma an daina bayarwa. Abin da ya maye gurbinta yana hannun wata majalisar tantance masu sadarwa da IABC ta kafa mai suna GCCC, wadda ta fara jarrabawa a 2015, kuma mataki biyu ne. CMP ta masu tsakiyar aiki ce: ana neman shekara 8 ta aiki da sa'a 40 ta horo, ko shekara 6 ta aiki tare da shekara 2 ta karatu mai zurfi da sa'a 40 ta horo. SCMP kuwa ta manya ce masu ba shugabanni shawara, ana neman shekara 11 ta aiki da sa'a 20 ta horo, da wasiƙar shaida daga wanda ka horar ko ƙungiyar da ka yi wa aiki kyauta. Ba sai ka zama ɗan ƙungiyar IABC za ka zauna jarrabawar ba, kuma an gina tsarin a kan ma'aunin ISO 17024, wanda shi ne ma'aunin duniya na hukumomin da ke tantance mutane. A ganina wannan ce ta fi dacewa da yawancinmu, saboda ba ta jingina da dokokin ƙasa ɗaya ba, kuma ta haɗa da sadarwar cikin gida tsakanin kamfani da ma'aikatansa, wadda ita ce rabin aikin da muke yi.

Ta biyu ita ce ta CIPR, cibiyar masu hulɗa da jama'a ta Landan, wadda aka kafa a 1948 ta kuma sami amincewar masarautar Ingila a 2005. A nan sai ka zama mamba, kana tara maki 60 na ci gaban karatu kowace shekara, daga baya ka nemi babban matsayinta ta hanyar zama na yini guda inda ake tattaunawa da kai a kan jagoranci da tsara dabaru da ɗa'a. Wanda ke aiki da kamfanonin hulɗa da jama'a masu tushe a Ingila, waɗanda suke da yawa a yankin Gulf, zai ga an fi saninta a wurinsu.

Ta uku ita ce APR ta Amurka, wadda PRSA, ƙungiyar masu hulɗa da jama'a ta ƙasar, ta fara a 1964. Ana gabatar da aiki a gaban kwamiti, sannan a yi jarrabawa ta kwamfuta, ana sabuntawa duk shekara uku. Tana da daraja, sai dai wani ɓangare na karatunta a kan dokokin Amurka yake, saboda haka ban cika ba da shawararta ba sai ga wanda kamfaninsa na can ne.

Ban da waɗannan akwai MEPRA, ƙungiyar masu hulɗa da jama'a ta Gabas ta Tsakiya, wadda aka kafa a 2001, tana shirya horo da taruka, kuma wuri ne mai kyau na tara sa'o'in horo da sanin mutane. Duk kuɗin waɗannan jarrabawa da dala ko fam ake biya. Da yake riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, lissafin dala ba ya ba mazaunin Saudiyya mamaki kamar yadda yake ba ɗan'uwansa da ke biya da naira.

Tattara hujjar shekarun aiki

Wannan mataki ne ya fi ba mutanenmu wahala, kuma shi ne ya kamata a fara tun yau ko da jarrabawar sai baɗi. Matsalar ita ce sunan aiki. An rubuta maka mai fassara, ko magatakarda, ko wakilin hulɗa da abokan ciniki, alhali kai ne ke tsara duk abin da kamfani ke faɗa wa jama'a. Masu tantancewa abin da ka yi suke dubawa, amma sai an rubuta musu shi.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya, a sashe na 64, ta wajabta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci takardar shaidar aiki kyauta idan kwantiragi ya ƙare, mai ɗauke da ranar farawa da ranar barin aiki da sana'a da albashin ƙarshe. Ka karɓi wannan daga duk inda ka taɓa aiki, kada ka jira sai kamfanin ya rufe ko mudirin da ya san ka ya tafi. Amma da yake wannan takarda ba ta bayyana ainihin ayyukanka, ka roƙi shugabanka ya ƙara maka wata wasiƙa a kan takardar kamfani wadda za ta lissafa su dalla-dalla: rubuta sanarwa, kula da shafukan kamfani, shirya taron manema labarai, tsara saƙonnin ma'aikata. Ya fi kyau kai ka rubuta daftarin ka kai masa ya gyara ya sa hannu, domin shugaba mai yawan aiki layi biyu zai rubuta maka. Kwantiraginka da ke manhajar Ƙiwa ta ma'aikatar ƙwadago da bayanan hukumar inshorar ma'aikata su ma suna tabbatar da tsawon shekarun. Abin da ke da Larabci a kai shi ofishin fassara mai lasisi a mayar da shi Turanci.

Idan za ka haɗa misalan aikinka, ka nemi izinin kamfani a rubuce, ka kuma goge sunaye da lambobin fasfo da lambobin waya na mutane. Dokar kare bayanan mutane ta ƙasar nan ta fara aiki a watan Satumba na 2023, kuma jerin sunayen alhazai da ke cikin wayarka yana ƙarƙashinta. Bai dace mai neman a shaide shi da riƙon amana ya fara da tona bayanan waɗanda suka amince masa ba.

Abin da za ka karanta

Ka shirya rubuta jarrabawar da Turanci. Ta CMP tambayoyi 100 ne na zaɓi cikin sa'a uku, kuma mafi yawansu labarin wani yanayi ne ake ba ka a tambaye ka matakin da ya fi dacewa, inda sau da yawa amsoshi biyu za su yi kama da daidai. Wanda ya yi karatunsa da Larabci a Jami'ar Ummul Ƙura ko Jami'ar Sarki Abdul'aziz ya san ilimin, abin da zai ba shi aiki shi ne saurin karanta dogon sakin layi da gane kalmomin fage, don haka ya rinƙa gwada kansa da agogo a gabansa.

IABC ta gina ma'auninta a kan ginshiƙai shida: ɗa'a, daidaiton saƙo, sanin yanayi, nazari, dabara, da jawo mutane cikin magana. Ɗaya daga ciki mun riga mun ƙware a kansa ba tare da mun sa masa suna ba. Wanda ya tashi tsakanin Hausa da Larabci, ya san yadda ake yi wa dattijo daga Sakkwato bayani da yadda ake rubuta wa jami'in ma'aikatar Hajji, ba ya bukatar a koya masa sanin yanayi. Inda muke da rauni shi ne nazari da aunawa, kuma a nan nake so mai karatu ya daɗe.

Mun saba auna aiki da yawan abin da muka fitar: saƙo nawa aka tura, mutum nawa suka gani, jarida nawa ta buga. Jarrabawar kuwa tambayarka take yi me ya sauya. Ɗauki misalin kamfanin da alhazansa ke yawan makara wajen hawa mota zuwa Arfa. Mai aiki da ka zai ce a ƙara yawan sanarwa. Mai aiki da tsari zai fara da tambaya: su wane ne ke makara, da wane harshe suke ji, karatu suke yi ko sauraro, wa suke yarda da maganarsa? Wataƙila ya gano cewa yawancinsu tsofaffi ne da ba sa karanta boko, kuma maganar malamin tawagarsu ta fi musu kowace takarda nauyi. Sai ya sa buri mai adadi da lokaci, misali a rage masu makara da rabi a wannan Hajjin, ya mayar da saƙon na murya da Hausa da Fulatanci ta bakin malaman tawaga, bayan an sauko kuma ya ƙirga masu makarar ya gwada da na bara. Bincike, buri, aiwatarwa, aunawa, wannan jeri shi ne ƙashin bayan kusan kowace tambaya, kuma idan amsoshi biyu suka rikita ka, wadda ta fara da bincike ita ce galibi daidai. Ka kuma karanta Ƙa'idojin Basalona na auna aikin sadarwa, waɗanda AMEC, ƙungiyar masu wannan awo ta duniya, ta jagoranci fitarwa a 2010 aka sabunta a 2015 da 2020 da 2025. Babban abin da suka kafa shi ne cewa ƙiyasta darajar labari da kuɗin da za a biya da a ce talla ce ba ma'auni ba ne, alhali har yau akwai ofisoshin da da shi suke rubuta rahoton shekara.

Batun ɗa'a kuma kada a ɗauke shi abin haddacewa. Mu da muke tsaye tsakanin harsuna biyu muna fuskantar wata jarrabawa da wasu ba su sani ba, wato sassauta labari maras daɗi a wajen fassara. An ce maka da Larabci an soke masauki, kai kuma don kunyar dattawa sai ka ce musu ana kan gyara. Niyyarka kyakkyawa ce, amma ka hana mutane gaskiyar da za su yi shiri da ita, kuma ƙa'idojin dukkan ƙungiyoyin nan sun hana. Haka nan ɓoye cewa talla talla ce. Tun watan Oktoba na 2022 duk mutumin da ke tallata kaya a shafinsa na sada zumunta a Saudiyya sai ya mallaki lasisin Mausuƙ, wanda kuɗinsa riyal 15,000 ne na shekara uku, saboda haka jami'in sadarwar da zai ɗauki wani sananne ya yi wa kamfani talla wajibinsa ne ya fara ganin lasisin.

Game da lokaci, wanda aikinsa ya shafi baƙin Allah kada ya sa ranar jarrabawa tsakanin Sha'aban da ƙarshen Zulhajji, domin ba zai sami kansa ba. Muharram da Safar sun fi sauƙi. Wata uku zuwa huɗu na karatun sa'a ɗaya bayan Asuba sun ishi mai ƙwarewa, musamman idan kun haɗu ku uku ko huɗu kuna zama ranar Asabar kowa yana kawo matsala daga wurin aikinsa ana warware ta bisa tsarin da jarrabawar ke so. 'Yan'uwa mata da ke wannan fage, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a asibitoci da bankuna da makarantu, su ma su kafa nasu zaman ko a yi ta intanet.

Bayan an ci

Shaidar GCCC kowace shekara ake sabunta ta da maki 40 na ci gaban karatu, waɗanda ake samu ta halartar horo da karatu da koyar da na baya da aikin sa kai. Ka buɗe fayil tun ranar farko kana ajiye shaidar duk abin da ka halarta, domin tattara su a makon ƙarshe wahala ce. Horar da matasan unguwa yadda ake rubuta takardar neman aiki, ko taimaka wa wata ƙungiyar agaji mai rajista da tsarin sanarwarta, duk suna iya shiga lissafi, kuma irin wannan aiki ne zai samar maka wasiƙar da SCMP ke nema nan gaba.

Ka sa haruffan a bayan sunanka a LinkedIn da takardar tarihin aikinka, amma ka ƙara layi ɗaya da Larabci mai bayyana ma'anarsu da hukumar da ta bayar, domin ba kowane jami'in ɗaukar ma'aikata ne ya san su ba kamar yadda ya san shaidar masu kula da ayyuka ta PMP. Idan za ka nemi ƙarin matsayi, kada ka shiga ofishin mudir da takardar kaɗai. Ka tafi da tsarin sadarwa na wata shida mai buri da ma'auni, ka nuna masa abin da karatun ya sa ka iya yi wa kamfaninsa.

Wanda kuma yake da niyyar komawa Najeriya wata rana ya sani cewa can doka ce ke magana. NIPR, cibiyar masu hulɗa da jama'a ta Najeriya, wadda aka kafa a 1963, ta sami ƙarfin doka da Dokar Soja mai lamba 16 ta 1990, wadda ta hana yin aikin hulɗa da jama'a ba tare da rajistarta ba, kuma shaidar Landan ko ta Amurka ba ta ɗauke maka wannan rajista. Ka fara neman ta tun kana nan, ka haɗa takardun shaidar aikinka na Saudiyya a buga musu hatimin majalisar 'yan kasuwa da na ma'aikatar harkokin waje kafin a buga maka bizar fita ta ƙarshe, domin bin sawun hatimi daga Kano ya fi bin sa daga Jidda wuya nesa ba kusa ba.